Baba Ya Zaɓi Watan Agusta

Duk wanda ya shigo yi mana ta'aziyya ranar Alhamis ɗin nan, sai ya fara da "Ya haƙuri?", mu ce "Mun gode Allah," ya zauna a bakin tabarma, can ya ɗaga kai ya dubi hadari ya ce, "To, yanzu ina za a sa shi?" Matan zumunta na cocinmu sun yi wannan tambayar. Mai kifi banda na bakin layinmu ya yi ta. Wani tsohon soja da ya zo daga Jahun yana dogara sanda ya sara wa gawar, ya juyo ya yi ta shi ma.

Gwaggo, ƙanwar Baba, da aka ɗauko daga Kafin Hausa a bayan babur, ko kukan ba ta ƙarasa ba ta share hanci da bakin zani ta ce, "Ni dai na san za a yi haka. Tun muna yara bai taɓa yin abu a lokacin da zai yi wa mutane sauƙi ba. Wata goma sha biyu Allah ya yi, ya rasa wanda zai mutu a ciki sai Agusta!"

Aka ce mata ta yi haƙuri, mutuwa ba ta shawara da kowa. Ta ce ita ta san wanta.

Na zauna rubuta wannan ne don kada a manta da shi, don kuma kada a tuna da wani mutum dabam a madadinsa. Fastonmu sabon zuwa ne, bai fi shekara biyu a Hadejia ba. A wa'azin jana'iza ya ce marigayi mutum ne mai sanyin hali da sauƙin kai. Saura kaɗan in ɗaga hannu. Baba yana tsoron Allah, wannan ba mai musu. Yana son iyalinsa har cikin ƙashinsa. Amma sauƙin kai? Haba, Fasto! Ubangiji ya karɓi Baba da hannu biyu, ya kuma ba mala'iku haƙurin zama da shi.

Tsohon soja ne. Ya yi yaƙin basasa, ya fita da igiya uku, shi ya sa duk unguwarmu ba mai kiransa sai Saje. A bariki ya karɓi baftisma yana saurayi, daga nan bai sake waiwaye ba. Ya haura shekara tamanin da biyar. Mu biyar ya haifa, ya ba kowa lamba. Ni ce Lamba Uku. Da mijina ya rasu na dawo gida, na yi shekara goma sha ɗaya ina tuƙa masa tuwo ina shan faɗa.

Usur ɗinsa da kiran sallar asuba tare suke tashi. Kowa ya fito tsakar gida ya shiga layi, har baƙon da ya kwana, har jikar da ke goye. A karanta sura guda daga Littafi Mai Tsarki, sa'an nan Baba ya fara addu'a. Ba ya tsallake kowa. Shugabanni, masunta, matan da ke naƙuda, 'ya'yansa bi da bi da laifin kowa a bayyane. Daga ƙarshe sai ya ɗaga murya don ta haye katanga:

"Ya Ubangiji, ka buɗe idon bawanka Alhaji, ya gane cewa kwatarsa ce ke zubo mana ruwa a gindin bango."

Daga can sai ka ji Alhaji maƙwabcinmu, ya dawo daga masallaci yana ajiye buta: "Amin, Saje. Amma taka ce!"

Shekara talatin suna wannan rigima a kan kwata guda. Mai unguwa ya shiga tsakani ya gaji. Da la'asar kuma sai ka same su a benci ɗaya, rediyo ɗaya, suna musu a kan labaran duniya. Ranar da Alhaji ya kwanta asibiti Baba bai taɓa tuwonsa ba, amma da na ce to ya je ya duba shi mana, sai ya ce wai shi ba damuwa ya yi ba, miyar ce ba gishiri. Ya kuwa je, ya wuni.

Ran Lahadi yakan riga mai buɗe ƙofa isa coci, takalmi na ƙyalli. In fasto ya yi kuskuren aya, Baba zai ɗaga sanda daga bencin gaba, ya riƙe ta a sama har sai an gyara. Fastoci huɗu suka yi zamani da wannan sandar. Ni kuwa kunya ta sa na koma zama a can baya, wajen masu jarirai.

Mutum ɗaya ce ba ya ɗaga wa murya, Mama. Ta bi shi bariki bariki da tukwanenta a ƙulle cikin zani. Da idonta ya mutu, shi ke cire mata ƙayar kifi, ya tara tsokar a gefen kwano, ya kama hannunta ya ɗora a kai. Da ciwo ya kwantar da ita, mutumin da bai taɓa sanin inda ludayi yake ba ya ce shi zai riƙa dama mata kunu. Kunun nan duk gudaji. Na ce, "Baba, kawo in dama." Ya ce in je in nemi aikin yi. Mama ta shanye tas, ta ce ba ta taɓa shan mai daɗinsa ba. Na dube su su biyun, na fita abina.

Da ta rasu aka sa ta a tsohuwar maƙabartar coci, can gangare wajen kogi. Wurin kwari ne, duk shekarar da kogi ya cika sai ruwa ya leƙa. Shi ya sa daga baya ikilisiya ta sami sabon fili a kan tudu, aka koma binnewa a can. Kowa ya bar tsohuwar, ban da Baba. Shi kaɗai ya ɗauki shebur ya kewaye ta da jinga, tudun ƙasa da buhunan yashi na tare ruwa, yana gyara ta kowace bazara.

A kan irin wannan aikin tare ruwa ne duk samarin unguwa suka sha masifarsa. In ambaliya ta taso aka fita tare bakin gari, Saje ne kwamanda, ba wanda ya naɗa shi. Yana da dokarsa ta buhu: ba a cika shi, ba a ɗaure bakinsa, a naɗe bakin a mayar ƙasa, a jera ɗaya a kan mahaɗar biyu yadda magini ke jera bulo, a hau a tattake. Wanda ya ɗaure baki zai kwance shi a gaban jama'a, ko da kuwa mai mata biyu ne da furfura. Suna zaginsa a ciki, suna yi. Inda ya tsaya dai ruwa bai taɓa ɓallewa ba.

To, ga inda matsalar take. Kowace Kirsimeti, bayan an ci an sha, sai ya tsayar da mu biyar ya maimaita mana umarni biyu.

"Na ɗaya, kada wanda ya kai ni ɗakin ajiyar gawa. Ni ba kifi ba ne da za a sa a firji. In na mutu yau, gobe kafin rana ta faɗi ina cikin ƙasa. Na biyu, kusa da uwarku, ta hannun damanta. An ji?"

Mu ce an ji.

Wata shekara na ce, "Baba, in kuma ka mutu da damina fa, wurin yana cikin ruwa?"

"Ba zan mutu da damina ba."

"Kai da wa kuka yi wannan shawarar?"

"Lamba Uku, ki iya bakinki."

Na daɗe ina ɗaukar umarnin farko taurin kai ne kawai, don mu Kiristan yanzu mun saba a ajiye gawa mako biyu ko uku, dangi su taru, a ɗinka anko, a buga takarda da hoto. Sai wata rana da hantsi ina yanke masa farce, ba tambayarsa na yi ba, ya ce a wurin yaƙi akwai wani abokinsa da suke cin abinci a kwano ɗaya. Aka harbe shi a bakin wani rafi. Aka ce su ja da baya. Suka jingina shi a gindin bishiya, suka rufa masa bargo, Baba ya ce masa, shi mataccen, "Jibi za mu dawo mu binne ka." Ba su sake komawa ta wannan hanyar ba. Ya ce har yau in ya rufe ido yana ganin bargon. Daga nan ya ce na yanke masa farcen ya yi zurfi, ba na iya komai da hankali.

Shekara biyun ƙarshe ƙafa ta hana shi zuwa gyaran jinga. Ya aike ni in nemi masu yi, na ce to, ban nema ba. Wannan laifina ne, na faɗa. Bana kogi ya cika, jingar ta ɓalle, ruwa ya shiga maƙabartar har gwiwa. Na ɓoye masa. Bayan kwana tara, ranar Alhamis da safe, ya idar da addu'a, ya ambaci Alhaji da kwatarsa, ya koma kujerarsa ya ce in kawo shayi. Kafin in kawo ya tafi.

Yaya, Lamba Ɗaya, ya iso daga Kaduna da la'asar. Muka zauna a ɗakin Baba, shi da ni da Gwaggo da Fasto.

Yaya ya ce, "Abin mai sauƙi ne. A kai shi Kano a ajiye. Nan da wata guda ko biyu ruwa ya janye, mu yi masa jana'iza irin ta soja, a busa masa bigila, a sa shi kusa da Mama."

Na ce, "Umarni na ɗaya fa?"

Fasto ya gyara murya. "Ai ga sabuwar maƙabarta a tudu. Gobe da safe an gama. A ranar tashin matattu ba wanda zai rasa matarsa don an binne su nesa da juna."

Na ce, "Umarni na biyu fa?"

Yaya ya buga cinya. "To ke me kike so? Mu jefa shi a ruwa?"

Na ce ni ba abin da nake so, ni ce dai na yi shekara goma sha ɗaya da shi, ba a waya ba. Ya ce kada in fara. Na ce ai na riga na fara. Gwaggo ta ce mu ji kunya, gawa na kwance a ɗaki na kusa. Gaskiyar magana, a zuciyata na riga na karkata ga tudu. Na gaji. Haushinsa nake ji ƙwarai, mutum ya ɗaure 'ya'yansa da magana biyu ya tafi ya bar su, duk wadda suka bi sun saɓa ɗaya. Na ce a raina, a sa shi a tudun, in ya ga dama ya tashi ya ɗaga sanda.

Sai muka ji sallama. Alhaji ne, ya shigo yana jan ƙafa, idonsa jajir. Tun safe yana zaure yana karɓar gaisuwa tare da dattawan coci, har wasu baƙi suka ɗauka ɗan'uwan Baba ne.

"Ina jin ku ta katanga," ya ce. "Gidan nan dama ba a iya magana a hankali ba."

Na ce, "Baba Alhaji, ruwa ya kai gwiwa."

"Na gani, 'yata. Na kuma gaya masa shekara da shekaru jingar nan a karkace take, bai ji ba." Ya juya ga Yaya. "Kai, injin ban-ruwa nawa ne a unguwar nan? Noman rani ya wuce, duk suna zaure suna tsatsa. Wa ya ce sai an janye ruwan maƙabarta duka? Wuri kamar faɗin ɗaki muke so. A kewaye da buhu, a zuƙe na ciki, a haƙa."

Yaya ya ce, "Baba Alhaji, anya zai yiwu?"

"Oho. Amma in ba a sa shi inda ya ce ba, ni zai hana sakat, ba ku ba."

Juma'a gari na wayewa amalanken shanu suka fara sauke yashi a bakin ruwa. Bulaman wani ƙauyen masunta ya aiko da kwale-kwale uku. Ban san wa ya yi shela ba, na dai ga mutane, na coci da na masallaci, wando a naɗe. Damuwata ɗaya, yaya za a gane wurin a cikin wannan ruwa mai launin kunun kanwa? Na shiga kwale-kwalen farko. Da muka matsa sai ga kan gicciyen Mama ya leƙo. A hannun damansa kuwa ga turakun ƙarfe huɗu, kowanne ya kai ƙirjin mutum, an shafa musu farin fenti.

Wani manomi ya ce, "Ai Saje ne ya sa na kafa su shekara uku da suka wuce. Ya ce ko ruwa ya zo a gane."

Kun ji fa! Mutumin da ya ce ba zai mutu da damina ba. Na zauna a cikin jirgin na rasa dariya zan yi ko ashar.

Aka fara jera buhu. Ba kwamanda, amma ba wanda ya cika, ba wanda ya ɗaure. Wani baƙo daga cikin abokan Yaya ya kama bakin buhu zai ƙulle, mutum biyar suka daka masa tsawa lokaci ɗaya: "Wa ya ce ka ɗaure?" Bawan Allah ya saki buhun ya faɗa ruwa. Aka yi dariya, wasu suna yi suna share ido.

Aka ɗora inji huɗu a kan kwale-kwale, aka jefa tiyo. Wajen azahar ƙasa ta bayyana, baƙar laka mai santsi. Sai lokacin masallaci ya yi. Alhaji ya ce wa dattawan coci, "Ga injuna nan, amana. Kada ku bari su mutu." Suna juya baya ɗaya ya mutu, na biyu ya bi shi. Mutanenmu malaman makaranta ne da ma'aikatan asibiti da masu shago, ba wanda ya san kan inji. Ruwa ya fara dawowa. Na ga Yaya, da farin leshinsa da ya sa don karɓar baƙi, ya durƙusa cikin laka yana jan igiyar inji yana yi mata magiya. Matan zumunta suka ajiye waƙa suka kama kwarfar ruwa da bokiti da kwanon sha. Haka masu Juma'a suka dawo suka same mu. Mai injin ya taɓa wani abu da yatsa ɗaya ya tashi, ya dubi Yaya ya girgiza kai.

Haƙar ma wani aiki ne. A ɗebi shebur ɗaya, ruwa ya tsattsafo ya cike gurbin. Aka sa tiyo a cikin ramin, ana haƙa ana zuƙa. Rana ta karkata. Ina duban ta ina duban ramin, ga shi tun jiya ban sa komai a baki ba.

Bayan la'asar aka kawo shi. Akwatin na tsakiyar kwale-kwale, Fasto a gaba ya rungume littafinsa a ƙirji don kada ya jiƙe, tsohon sojan nan na Jahun a baya ya ƙame. Mata na tsaye cikin ruwa, zani a ɗage, suna waƙar yabo. Musulmi suka ja gefe suka tsaya a kan buhuna. Fasto ya gajarta, Allah ya saka masa. Aka cire tiyo don akwati ya sami wuri, aka zura igiya, aka sauke shi a hankali har ya taɓa ƙasa. Na sauke ajiyar zuciya.

Kafin Fasto ya rufe addu'a ruwa ya taru a ƙasan ramin. Sai akwatin ya motsa. Ya ɗago. Ya fara lilo a hankali, yana bugun bangon kabari.

Waƙa ta tsaya cak. Wani ya danna gefen ƙafa da gora, gefen kai ya taso. Ya danna kai, ƙafa ta taso. Aka jefa shebur biyu na ƙasa, ta zame ta gefe ta nutse. Rana ta kai kan bishiyoyin hayin kogi, ta yi ja.

Alhaji daga cikin kwale-kwale ya ce, "Sai an hau. A danne shi, a miƙo buhu."

Ba wanda ya motsa. Wa zai taka Saje? Mutanen da suka wuni cikin laka dominsa duk suka sunkuyar da kai.

Yaya ya cire takalmi ya sauka, ya tsaya a gefen ƙafa. Bai isa ba, kan ya ƙara ɗagowa. Ban san lokacin da na tattare zanina ba. Gwaggo na ihu, "Ke! Mace ba ta shiga kabari!" Na ce ta bari sai mun fito ta yi mini faɗan. Na zame na sauka, na tsaya daidai ƙirjinsa, ruwa mai sanyi ya rufe mini idon sawu. Aka fara miƙo buhuna, muna karɓa muna jerawa a tsakaninmu.

Duk da haka yana motsi. Ina jin sa a tafin ƙafata, yana turo ni sama, ya sauka, ya sake turowa. Abin ya zo mini wuya. Na manta da Fasto, na manta da jama'a, na buga ƙafa a kan akwatin na ce:

"Haba, Baba! Haba! Ga Mama nan a gefenka. Ga rana can ba ta faɗi ba. Mutanen gari sun bar aikinsu tun asuba, ɗanka ya lalata rigarsa, ni ko ruwa ban sha ba. Me kuma kake so a yi maka? Ka kwanta mana!"

Aka miƙo wani buhun, Yaya ya ajiye. Akwatin ya sauka, ya zauna daram a ƙasa.

Na tsaya a kansa ina haki, ina jiran ya mayar mini da magana. Bai mayar ba. Aka fara zuba ƙasa ta gefe da gefe, Yaya ya kama hannuna ya ce, "Zo mu hau." Na ce ya dakata tukuna. Na ƙara jira kaɗan.